Baban Romaniya da Almakashi

Ranar da Baba ya rasu na dawo unguwarmu Highbridge da ke Bronx a birnin New York da la'asar, na haye benen gidanmu hawa biyar ban tsaya na huta ba, abin da gwiwata ta shekara goma ba ta yarda da shi ba. Maigidana yana zaune bakin gado yana cire takalmin aiki. Ya kalle ni sau ɗaya ya ce, "Tsohon ne?" Na ce shi ne. Ya yi salati, ya mayar da takalmin ƙafarsa kamar mai shirin fita, ya rasa inda zai je, ya sake cirewa.

Yayarsa ce ta biyu da ta ji. A hawa na uku take, kuma ko leda ce ta shigo ginin nan sai ta san abin da ke ciki. Ta turo ƙofa da carbi a hannu.

"Na ji Baturenki ya tafi. To, Allah ya kawo wani. Akwai wata tsohuwa a unguwar Jamaica ana neman mai kula da ita, in haɗa ku?"

"Yaya, ko binne shi ba a yi ba."

"Au, zaman makoki za ki yi mana? A shimfiɗa tabarma, a daka gumba? Ubanki ne?"

Ba ubana ba ne. Aiki nake yi masa, shekara bakwai ina yi masa wanka, ina ciyar da shi, ina ba shi magani. Kirista ne, farin mutum, ɗan ƙasar Romaniya. Amma Baba nake ce masa, kuma bakina bai taɓa yin nauyi wajen faɗin haka ba.

Matan ƙungiyarmu, wadda nake shugabanta shekara da shekaru, sun aiko saƙon murya. 'Yar Kumasi ta ce min sori. 'Yar Damagaram ta ce in yi kuraj, wato in daure, ta kuma tambaya ko tsohon ya bar firij mai kyau. Ban ga laifinsu ba, ba su san shi ba.

Waɗanda suka ba ni haushi mutanensa ne. A cocinsu da ke unguwar Queens ban ƙirga mutum ashirin ba, har da ni da na tsaya baya da hijabina. Wani tsoho mai hular gashi ya matso ya tambayi 'yar Baba cikin Turanci, "Shi ne mai fina-finan nan? Ai ni na ɗauka ya daɗe da mutuwa." Wallahi ba don gawa tana gabanmu ba da na cire masa hular nan na cusa masa a baki.

Da aka gama binnewa 'yarsa ta ja ni gefe. Ita kaɗai ya haifa, likitar haƙori ce a wata jiha mai nisa, ita ta ɗauke ni aikin. Ta fito da takarda daga jaka ta ce su ma suna yin taron kwana arba'in kamar mu, kuma tana so a ranar a nuna fim ɗin ƙarshe da mahaifinta ya haɗa, daga baya ta saka shi a intanet, ta kai shi ƙasarsu. Ta ce, "A cikinsa ne kawai aka ɗauki babana yana motsi yana magana. Babu wani. Amma ya rubuta cewa ba za a nuna ba sai kin sa hannu."

Na san fim ɗin. Ni ce a ciki, ina da shekara hamsin da 'yan kai, ina bin haruffa da yatsa kamar 'yar firamare, ina tuntuɓe a kan kalma mai harafi uku. Matan da nake tsayawa gabansu da takarda a hannu ina jera musu sunaye da dokokin ƙungiya ba su san haddacewa nake yi a gida ba. Daga maigidana sai 'ya'yana suka san na zo ƙasar nan ban iya karatun boko ba, kuma na zauna a haka fiye da shekara ashirin. In na sa hannu, Bronx gaba ɗaya za ta gani a waya. In na ƙi, an binne Baba da muryarsa da dariyarsa.

Na karɓi takardar na cusa a jaka. Na ce zan yi tunani.

*

Baba darakta ne na fim. Ba irin na waya ba, irin na sinima, wanda ake ɗauka da ƙatuwar kyamara mutum biyu suna tura ta. Ɗan ƙauye ne, can cikin duwatsu, ubansa makiyayin tumaki. Ya ce yana ɗan shekara tara wata mota ta zo ƙauyensu aka kafa farin ƙyalle jikin bangon makaranta aka haska fim. Kowa na kallon ƙyallen, shi kuwa ya juya baya yana kallon fuskokin mutane. Ya ga kakarsa, wadda bai taɓa ganin haƙoranta ba, baki buɗe. Daga ranar ya daina amfanuwa ga tumaki. Ubansa ya dake shi, ya gaji, ya sallama shi birni.

Fina-finai huɗu ya yi a can, zamanin mulkin kwaminisanci, lokacin da ko tari za ka yi a fim sai kwamitin gwamnati ya zauna ya duba ko tarin yana zagin shugaba. Na ukun ne ya kashe masa zuciya. Labarin wata baƙauya ce da ta ɗauko agwagwa a kwando ta zo birni duba ɗanta a asibiti, maigadi ya hana ta shiga sai da ta ba shi agwagwar. Kwamiti ya ce a ƙasarsu babu maigadin da ke karɓar cin hanci. Suka sa almakashi suka yanke wurin. Mutane suka je sinima suka ga mata ta iso ƙofar asibiti da agwagwa, ta shiga ba agwagwa, har fim ya ƙare ba wanda ya sake maganarta.

"Ƙasa guda," in ji Baba, yana buga hannun kujera, "ƙasa guda ta fito daga sinima tana tambaya ina agwagwa!"

Sau ɗari ya ba ni labarin nan. Yakan fara da dariya, ya ƙare yana kallon taga. Fim na huɗu ba su yanka ba, kulle shi suka yi a ɗaki gaba ɗaya. Bayan nan aka tura shi wani taro a ƙasar waje, bai koma ba. Ya bar mata da yarinya 'yar shekara shida. Matar ta rasu ba su sake haɗuwa ba, yarinyar sai da ta zama budurwa ta iso. Ba na wanke shi a kan wannan, shi ma bai wanke kansa ba. In 'yarsa ta bugo waya sai ya gyara zama kamar wanda alƙali ya kira, su yi maganar yanayi da magani, su ajiye.

A New York babu wanda ya san shi. Ya yi gadin gini, ya yi ɗaukar bidiyon biki da na baftisma. Ya ce amaren Queens sun tsane shi, don in an ce ya ɗauki amarya tana yanka kek sai a same shi a kicin yana ɗaukar hannun mai wanke-wanke. Shi kuwa ba ya yarda a ɗauke shi. Ka ɗaga waya sai ya rufe fuska da jarida ya ce, "Mai kyamara ba shi da fuska."

Turancinsa gurgu ne, nawa makaho, da haka muke jan juna. Faɗanmu na farko a kan tuwo ne. Ya sa na dama garin masara a ruwan zafi, yana tsaye kaina da sandarsa yana ba ni umarni, wai zai koya min abincin ƙasarsu. Na ce, "Baba, wannan ai tuwon masara ne, ina tuƙa shi tun kafin a yi min kitso." Ya ce nasu ne, kakanninsa suka ƙirƙiro. Na ce to kakanninsa sun manta miya, don da cuku da kindirmo yake ci, abin tausayi. Washegari na kawo masa miyar kuka daga gida. Ya ɗanɗana, ya ce kamar an dafa tabki. Ya cinye. Duk Juma'a kuma sai ya tambaya, "Yau babu tabki?"

Mutum ne mai wuyar zama. Ba ya iya zama wuri ɗaya, ga ƙafa ba ƙarfi. Daga kujera zuwa taga, daga taga zuwa kicin, yana gyara labule wai haske ya faɗi ba daidai ba. Ko shayi na ajiye masa sai ya matsar da kofin ɗan taki ɗaya. In na shigo ɗaki da sauri ya ce, "Koma ki sake shigowa, ba ki gaskata shigowar nan ba." In ce masa ni ba 'yar wasansa ba ce, ya buɗe baki ya sha magani.

*

Maganin ne ya tona ni. Da launi nake gane kwalabensa: mai farin murfi da safe, mai shuɗi da rana, doguwar bayan cin abinci. Wata rana aka kawo sababbi daga kantin magani duk iri ɗaya, murfi ɗaya, tsawo ɗaya. Na yi ta juya su a kicin. Na zaɓa da ka. Ashe mai sa fitsari na ba shi sau biyu. Tsoho ya wuni yana zarya banɗaki, jiri yana ɗibarsa, sau ɗaya ma na tare shi da ƙirjina kafin ya kai ƙasa.

Da ya samu kansa ya ce in kawo kwalaben. Ya miƙo min ɗaya.

"Karanta min."

"Na manta tabarauna a gida."

Ya cire nasa ya miƙo min.

Na riƙe kwalbar ina kallon rubutun, ina motsa leɓe. Na shekara ashirin ina wannan dabarar a asibiti da makarantar yara, ba ta taɓa ba ni kunya ba. Ya bar ni na yi ta yi. Can ya ce, "Shekara ashirin ina aiki da 'yan wasa, ban ga wanda ya kai ki ba. Abu ɗaya kika manta. Mai karatu idonsa tafiya yake. Naki a tsaye yake."

Na ajiye kwalbar. Na ce ya kira 'yarsa ya gaya mata, zan haɗa kayana. Na san kora ce, kuma na cancanta, don da na kashe shi.

Ya ce, "Kin san yadda na sha wuya kafin na saba da masifarki? In koma in fara da wata? Zauna."

A ranar, da kansa ya ɗaura wa kowace kwalba zare mai launi daban. Bai gaya wa 'yarsa ba har ya mutu. Ya matsa min sai da na shiga ajin manya na ranar Asabar a wani ɗakin karatu nesa da unguwarmu, inda ba mai gani na. Amma ainihin karatun a teburin kicin ɗinsa na yi shi, kuma da fina-finansa. Yana da su a faifai, da fassarar Turanci tana fitowa a ƙasa. Sai ya kunna, ɗan wasa ya yi magana, ya tsayar da hoton ya ce, "Me ya ce?" In yi ta haƙilo da layi ɗaya, matar agwagwa tana tsaye baki buɗe tana jira na. In na yi kuskure ya ce, "Ba haka na rubuta ba! Kwamiti bai ɓata min wannan layin ba, ke za ki ɓata?" In na samu daidai ba ya yabo. Sai dai ya saki hoton ya ci gaba, ladan kenan, in ga abin da ya faru.

Haka na kalli fina-finansa layi-layi cikin shekara biyu. Ina jin babu wanda ya taɓa kallonsu a hankali kamar ni, har shi. Da na kama haruffan, Hausa ba ta ba ni wuya ba. Wannan da kuke karantawa da hannuna na rubuta, ba wanda ya riƙe min biro.

*

Akwai wata dabara tasa da yake alfahari da ita. Ya ce a ƙasarsu, a wancan zamani, kowa da fuskar da yake sakawa saboda gwamnati, har 'yan wasa. Sai sun ji darakta ya ce an gama suke sauke ta. Don haka suka ƙulla da mai riƙe masa kyamara: in ya ce a tsaya, kada a tsaya. Sai ya sosa kunne, sannan a kashe. Ya ce duk abin kirkin da ke cikin fina-finansa a wannan ɗan tsakanin ya samo shi, lokacin da mutum ya ɗauka ba a kallonsa.

Na ji labarin nan ya fi sau goma, ina dariya ina cewa, "Baba, kai mugu ne." Ban taɓa kawowa a raina ni ma 'yar wasa ce a wurinsa ba.

'Yarsa ta aiko masa da ƙaramar kyamara don ya rage kaɗaici. Ya kafa ta a kan ƙafafunta uku a kicin ya ce zai riƙa ɗaukar karatuna minti biyar, mu kalla tare in ji inda nake kuskure, sannan ya goge. Na yarda. Kullum in minti biyar ta cika sai ya miƙa hannu ya taɓa ta ya ce, "An gama." Sai in saki jiki. In zagi Turanci da wanda ya ƙirƙiro shi, in kifa kai a tebur, wata rana in yi kuka don kalma ta ƙi fita. Fiye da shekara muna haka. Ranar da nake goge ƙura na ga ɗan baƙin salatif manne a gaban kyamarar. Na ɓare. Jar fitila tana ci a ƙarƙashi.

Ban san na iya Turanci haka ba sai ranar. Na ce masa ɓarawo. Na ce ya saci tsiraicina, don abin da na ɓoye shekara ashirin tsiraici ne ko da da zane a jikina. Na ce shi da kwamitin da yake zagi duk ɗaya ne, kowa yana yin yadda ya so da mutane. Wannan ta shige shi, na ga fuskarsa ta yi fari fat. Amma bai ba ni haƙuri ba. Cewa ya yi, "Shi ne abu mafi kyau da na ɗauka tun da na bar gida." Na ɗauki jakata na buga masa ƙofa.

Kwana tara ban je ba. Ya bugo waya na ƙi ɗauka. 'Yarsa ta samo wata ta riƙe shi, ni na ce mata ba ni da lafiya. A rana ta tara maigidana ya hawo da wasiƙa daga akwatin gidanmu, da sunana a baya. Ban taɓa samun wasiƙar da mutum ya rubuto min ni kaɗai ba. Manyan haruffa ne, a karkace saboda rawar hannu, kuma ya zaɓi kalmomin da ya san na iya. Na shiga banɗaki na kulle na karanta da kaina:

"Ki dawo. Tuwon matar nan ruwa ne. Na yi laifi. Ba zan goge ba. Ba mai gani sai kin sa hannu."

Ku duba min taurin kai. Ya yi laifi, kuma ba zai goge ba. Na koma ranar Litinin. Ban gaishe shi ba. Da na ajiye masa shayi ya matsar da kofin. Daga ranar bai sake manna salatif ba. Shekararsa ta ƙarshe a gaban kwamfuta ya yi ta, yana haɗa abin da ya ɗauka da yatsa ɗaya, don sauran sun daina jin maganarsa. Sau biyu ya ce in zo in gani, na ce ko a mafarki.

Ya rasu da hantsi, a kujerarsa, ina kicin ina tuƙa masa tuwo. Na ji shiru ya yi yawa, ba a kira ni an ce na cika ruwa ba.

*

Kwana arba'in ɗin nan ban zauna ba. In tashi da safe in yi shiri, in hau jirgin ƙasa mai lamba huɗu, sai na yi nisa in tuna babu wanda ke jira na. Takardar tana jaka, na ninke ta na buɗe har ta fara yagewa. Na tambayi maigidana. Ya ce, "Ni da na aure ki ba ki iya ba ban gudu ba. Yanzu da kika iya ne za ki ɓuya?" Na ce shi namiji ne, bai san bakin mata ba, bai san bakin yayarsa ba. Ya ce ya san shi tun kafin in san shi.

Saura kwana shida 'yar Baba ta zo kwashe kayan gidan ta kira ni in taya ta. Muna naɗe kwanuka a jarida ta ce ta kalli fim ɗin sau uku.

"Mantawa yake yi kyamarar tana ci," in ji ta. "Sai ya jawo sandarsa ya shigo ya zauna kusa da ke. Yana nuna miki harafi da yatsa. Kina yi masa tsawa yana dariya." Ta ajiye kwanon da ke hannunta. "Ni bai taɓa koya min komai ba. Ban san ya iya haƙuri ba sai a nan."

Na ci gaba da naɗe kwanuka.

Sai ta ce ta samo mafita. Tana da wanda ya iya aikin. Za a yanke duk inda nake tuntuɓe, da inda nake kuka, da inda fuskata ta fito sosai. A bar inda Baba yake magana, ni a gan ni ta gefe kawai, kamar mai aiki tana zaune. Ba wanda zai gane karatu nake koya. Ta ce in nuna mata wuraren da ba na so, za a cire.

Wallahi daɗi ya kama ni. Na ji kamar an sauke min buhu daga ka. Har na buɗe baki zan ce to.

Sai na hango yadda zai kasance. Tsoho yana nuna takarda da yatsa, ba a san wa yake nuna wa ba. Yana dariya, ba a san abin da ya ba shi dariya ba. Yana jira, yana jira, ba a san me yake jira ba. Mutane su fito suna tambayar juna. An yi masa haka sau ɗaya ya bar ƙasarsa da matarsa da 'yarsa, ya shekara arba'in yana ba bango labari. Yanzu ga shi kwance a ƙasa ba bakin magana, an miƙo min almakashin, kuma ni da na ce masa shi da kwamiti ɗaya ne.

Na ce ta ba ni biro. Na shimfiɗa takardar a kan kwalin kwanuka na rubuta sunana cikakke, har da na ubana. Na ce, "Ko tari ne kada a cire."

Daga nan na aika wa matan ƙungiya saƙo da bakina. Na ce ranar Lahadi da azahar akwai taron arba'in na tsohon da na yi wa aiki, a zauren taron 'yan ƙasarsu, ba cikin coci ba, kuma za a nuna fim da nake ciki. Na ga gara su gani ina zaune a wurin da su tsinta a waya.

Mata huɗu suka zo. Yaya ce a gaba, da sabon leshi. Mutanensa sun kawo dafaffiyar alkama da sukari da gyaɗar ƙasarsu, irin abin da suke rabawa don mamaci, ni na kai waina. Aka ja labule aka kashe fitila.

Ga ni nan a bango, ƙatuwa, goshina yana maiƙo, yatsana a kan takarda. Na fara jan wata kalma, na kasa, na sake, na kasa. Yaya ta fashe da dariya, irin mai ƙarfin nan tata. "La ilaha! Shugaba! Ashe..." Wata tsohuwar Baturiya ta juyo ta daka mata harara ta sa yatsa a baki. Na kafe idona a bango. Na riƙe ƙarfen kujera, na ce ko mutuwa zan yi ba zan tashi ba.

Sai aka ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sanda. Baba ya shigo hoton ta gefen hagu, da rigar sanyinsa mai ɓallallen maɓalli, ya ja kujera ya zauna kusa da ni. 'Yarsa ta toshe baki da hannu. Ya ce, "Sake." Na ce ba zan sake ba, ya ci Turancinsa. Ya ce, "Sake, ina nan, ba inda za ni." Ban san tsawon lokacin da kalmar nan ta ɗauka ba. Bai yanke ko daƙiƙa ɗaya ba, ya bar zauren nan gaba ɗaya yana jira tare da shi. Na ji 'yar Kumasi a bayana tana jan harafin farko a hankali, tana taya ni. Da kalmar ta fita daga bakina, tsofaffin nan suka saki numfashi gaba ɗaya, wani ya tafa. A bango kuwa Baba bai yaba min ba. Kansa ya juyar gefe, wai ba na ganinsa, ya goge ido da hannun riga. Ban san ya yi haka ba sai ranar.

Kafin mu iso gida labari ya riga mu. Ba zan yi muku ƙarya in ce kowa ya rungume ni ba. An ce na yi shekara da shekaru ina yaudarar ƙungiya da takardar da ban san me ke cikinta ba, kuma gaskiya ne. Da zaɓe ya zo aka ba wata shugabancin, Yaya ce ta tsayar da ita. A bikin suna in na shigo sai in ji ana cewa, "Ga 'yar aji ɗaya nan." Ya yi min ciwo, har yanzu yana yi, ba na son a ce bai yi ba.

Na tambayi limaminmu abin da ya halatta in roƙa wa wanda ba Musulmi ba. Ya gaya min iyakata, ban tsallake ba. Na bar Baba a hannun wanda ya halicce shi, wanda ya ga zaren da ya ɗaura wa kwalabe, ya kuma ga yarinyar da ya bari tana shekara shida. Shi ya san yadda zai auna.

'Yarsa ta bugo min daga Romaniya watan jiya. Ta ce ta kai fim ɗin ƙauyensu an haska a makaranta, kuma da aka tashi wata tsohuwa ta riƙe ta tana tambaya ko matar nan mai faɗa ta iya karatun daga ƙarshe. Na ce ta koma ta gaya mata na iya. Ta kuma gaya mata abin da suka gani shi ne abin da ɗansu ya haɗa, daga farko har ƙarshe. Wannan karon babu wanda ya taɓa masa.